Zuwa ga Gwamnan Damagaram da hukumomin kiwo da na lafiya: maganar murar tsuntsaye, tun tana ta kaji

Assalamu alaikum. Mai girma Gwamna, ranka ya daɗe, tare da shugabannin ma'aikatar kiwo da ta lafiya na jiharmu, ina gaisuwa, ya aiki ya jama'a. Na haɗa har da fadar mai martaba Sultan, Allah ya ja zamanin sarki, don na san akwai maganar da in daga ofis ta fito sai a ce ai kuɗi aka karɓo daga waje, amma in mai unguwa ya faɗe ta bayan sallar la'asar shi ke nan ta zauna.

Ni ba likita ba ne, mai kiwon kaji ne a Garin Malam, masu ƙwai ɗari biyu da ƴan kai, sai ƴan zabin uwargida da ba ta yarda a ƙirga su cikin nawa. Asalina wani ƙauye ne a ƙasar Magarya, kuma da labarin can zan fara, duk da akwai laifina a ciki.

A farkon watan Fabrairu na 2006 rediyo ya faɗa cewa an samu murar tsuntsaye, wadda ake ce ma H5N1, a wata babbar gonar kaji a Jaji ta jihar Kaduna, karon farko ke nan a Afirka. Wata bai ƙare ba aka ce ta shigo Nijar, kuma ba ko'ina ba sai Magarya, a jikin agwagi. Lokacin ina ɗan shekara goma sha huɗu, ina lakwal. Sai jita-jita ta cika gari wai za a zo a kashe duk wani mai fiffike a ƙone. Kakata, Inna muke ce mata, tana da kaji goma sha ɗaya da agwagi uku, biyu cikin kajin sun riga sun mutu, ta ukun tana gyangyaɗi a gindin randa kanta ya kumbura, Inna ta ce maza a kira kawu ya sa mata wuƙa kada ta zama mushe, ƙanwata ce ta fige ta da hannu, aka yi miya muka ci. Sauran kuma bayan isha'i ta zuba su a akurki ta rufe da tsohon zane, aka ɗaure a bayan keke, ta ce mini kai su wajen Goggo ka dawo kafin asuba, kuma ko wa ya tambaye ka ka ce dawa ce. Na kai. Ba a yi kwana goma ba kajin Goggo suka fara faɗuwa, na maƙwabta suka bi. Ba wanda ya auna su balle a ce ga abin da ya kashe su, mu dai mun yi shiru, Goggo ma har ta rasu ba ta taɓa ta da maganar ba. Amma ni na san abin da na ɗauko a kekena.

Ranka ya daɗe, Inna ba jahila ba ce kuma ba muguwa ba ce. Kajin nan su ne bankinta, a ciki take sayen sabulu da goro, a ciki take kai jika asibiti, a ciki take yin biki in an haihu. An ce mata za a kashe su amma ba wanda ya zo ƙofarta ya ce ga abin da za ki samu kuma ga ranar da za ki same shi. To ta yi lissafi, lissafinta kuma daidai ne a wajenta. Abin da ya sa na ɗauki waya nake rubuta wannan shi ne, in abin ya dawo gobe, matan ƙauyenmu lissafin nan dai za su sake yi, kuma ku ne za ku zama na ƙarshe da za su ji labari.

Na san wani zai ce ai kaji suna mutuwa kowane hunturu, me ya yi zafi. Gaskiya ne, akwai annobar kajin da muka saba da ita, Niwkasil, tana share gida tas kuma tana da allura mai araha, ita ba ta cika damun mutum ba. Matsalar ita ce da ido ba ka bambance su. Kaza ta yi sanyi, ta daina ƙwai, zankonta ya yi baƙi-baƙi, kai ya kumbura, da safe ka tarar da biyar a ƙasa. Ko likitan dabbobi sai ya ɗauki samfur an kai laboratuwar kafin ya ce wannan ce ko waccan. Agwagwa kuwa ta fi kowa munafunci, tana iya ɗauke da cutar tana yawonta lafiya lau tana zubar da ita a ruwan da kaji za su sha.

Ita murar tsuntsaye abin da ya sa duniya ke tsoronta ba kajin ba ne kawai. A 1997 a Hon Kon ta tsallaka jikin mutane, 18 suka kamu 6 suka mutu, sai da aka kashe kajin garin kaf, sama da miliyan ɗaya. Daga 2003 zuwa yanzu Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum sama da 900 da aka tabbatar sun kamu da H5N1, kusan rabinsu sun mutu. Rabi fa. Masar tana cikin ƙasashen da abin ya fi taɓawa, kuma can ma yawanci mata ne da yara masu kiwo a cikin gida, irin Inna da ƙanwata. A Legas wata matashiya ƴar shekara 22 ta mutu da ita a watan Janairun 2007. A Sin wata ƴar'uwarta, H7N9, ta ɓulla a 2013 ta kama sama da mutum 1,500, kuma kasuwannin kaji masu rai ne suka fi yaɗa ta.

Abin da ya cece mu har yau, bayan ikon Allah, shi ne ba ta iya tsalle daga mutum zuwa mutum da sauƙi ba. Yadda wani likitan dabbobi abokina ya yi mini bayani a majalisar shayi, ƙwayar cutar kamar mabuɗi take, kwaɗon da take buɗewa ya cika jikin tsuntsu, a jikin ɗan Adam kuwa irin wannan kwaɗon ba shi da yawa a hanci da maƙogwaro, ya fi yawa can ƙasan huhu. Shi ya sa kamuwa ke da wuya, in kuma an kamu sai ta yi muni, amma atishawa ba ta cika watsa ta ba. Sai dai mabuɗin nan ba a zaune yake ba, kullum gogawa ake, duk sanda ta shiga sabon jiki tana haihuwa da ƴan kurakurai, wata rana kuskuren ya zo daidai. Akwai kuma hanya ta biyu wadda ta fi sauri. Ƙwayar mura gutsure takwas ce a cikinta. In murar tsuntsu da murar mutum suka haɗu a jiki ɗaya, kamar bakanike ne ya kwance moto biyu a tabarma ɗaya ya zo ɗaurawa ya cakuɗa kayan, sai a samu sabon moto mai injin wannan da ƙafar wancan. Sabuwar mura ke nan wadda jikin kowa bai san ta ba. Haka aka yi a 1957 da 1968, duka annobobin biyu akwai gutsuren murar tsuntsaye a cikinsu, kowace kuma ta ci rai wajen miliyan ɗaya ko fiye. Ta 1918 kuwa, wadda tsofaffin ƙasar Hausa ke ce ma marisuwa, ana ƙiyasta ta kashe wajen mutum miliyan 50 a duniya, lokacin da ba jirgin sama na fasinja, ba bas ɗin dare zuwa Yamai.

Sai maganar alade, wadda da na ta da ita a majalisa aka yi mini dariya, wani ya ce Malam mu da ba mu ci ba mu kiwo ina ruwanmu. To ai ba cin ba ne. Alade shi ne tabarmar bakaniken nan, hanyar numfashinsa tana da kwaɗo iri biyu, na tsuntsu da na mutum, duka murorin suna iya shiga su haɗu. Murar 2009 da ta ɓulla a Meziko cikin watan Afrilu haɗin gambiza ce ta alade da tsuntsu da mutum, zuwa watan Yuni an ayyana ta annobar duniya, kuma da ta tashi zagaya ƙasashe ba alade ta hau ba, mutane ta hau, ta shiga ƙasashen Musulmi kamar yadda ta shiga ko'ina. Masar ta yanka aladenta wajen dubu 300 a shekarar, bai hana ta shiga ba. Kuma aladen ma ba su yi mana nisan da muke zato ba, babbar kasuwarsu tana Kafancan a kudancin Kaduna, jihar da murar 2006 ta fara. Ba ina nuna wa kowa yatsa ba ne, kowa da abincinsa da sana'arsa, kawai dai a daina cewa ba ruwanmu. Mutum ɗaya da ke da murar hunturu ya zauna yana figar kaza marar lafiya, shi ma jikinsa ya isa ya zama tabarmar.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na shanu. A watan Maris na 2024 a Amurka, jihar Tekzas, aka samu H5N1 a jikin shanun madara, abin da ba a zata ba, ƙwayar ta cika nonon, ta bazu zuwa garke ɗaruruwa a jihohi da yawa, masu tatsa suka dinga kamuwa yawanci da jan ido, kyanwoyin da suka sha ɗanyar madarar suka mutu. A Oktoba na shekarar aka same ta a alade a jihar Oregon, a wani gida da ake kiwon kaji da alade wuri ɗaya, a Janairun 2025 mutum na farko ya mutu da ita a ƙasar. Yanzu ku dubi gidajenmu. Saniya a turke, awaki, kaji suna tsattsagar dusa a kwanonta, zabi a kan danga, yaro yana rarrafe a tsakani, nono kuma sau nawa ake tafasa shi kafin a dama fura? Mu da dukiyarmu duk a kan kofato take, wannan labarin ai namu ne ya fi na Amurkawa.

Hanyar shigowa kuwa ba ɗaya ba ce. Akwai ta sama, agwagin daji da sauran tsuntsaye masu ƙaura da ke sauka tafkuna da sanyi, Gidimuni da Lasuri da tafkin Cadi da fadamar Haɗeja zuwa Nguru can ƙetare, waɗannan ba duwan ɗin da zai tare su. Amma ni a ganina ta ƙasa ta fi. Ƴan tsakin da muke kiwo daga Najeriya suke zuwa a kwali, ƙwai yana zuwa, kiret ɗin ƙwai na takarda yana zagaye gona goma ba a canza ba, kashin kaji ana lodo shi buhu-buhu a kai garka taki. In an rufe bakin iyaka a Ɗan Barto da Tinkim moto ya bi ta gona, kowa ya sani, mutumin Dungas ta nan Nijar da na Maigatari ta Najeriya ai uwa ɗaya uba ɗaya ne, takardar hana shigo da kaji ba ta raba su. Ni kaina bara wani dillali ya kawo mini kaji masu tasowa a farashin da ya yi arha har ya ba ni tsoro, na ce me ya faru, ya ce mai gonar ne ke son kuɗi da gaggawa. Na ɗaga ɗaya na ga ƙafarta ta yi ja kamar an murza, na ce Allah ya ba da kasuwa. Kafin azahar ya sayar da su duka a wani wuri.

Ina roƙon ku wata Alhamis ku aiko wani ba da jiniya ba, ya zo kasuwar Dole wajen ƴan kaji ya tsaya minti talatin kawai. Zai ga kaji da zabi da agwagi da tantabaru daga ƙauye ashirin a akurki ɗaya kan ɗaya, na sama yana yi wa na ƙasa kashi. Zai ga yaran da ke figa, wasu ba su kai sha biyar ba, hannu tsirara, gashi yana tashi yana shiga hanci, ruwan zafi rabin duro ɗaya tun safe har ya koma kamar kunu, yaro ya share zufa da bayan hannun da jini, ya sayi awara ya ci a wurin. Wadda ba a sayar ba ta kwana ta haɗu da sababbin gobe, ko a mai da ita ƙauye da abin da ta kwaso. Ba raina su nake ba, abokan cinikina ne, kuma abincinsu ke nan. Amma famfo ɗaya da sabulu, da daɓen siminti da za a iya wankewa, da rami mai murfi na zuba hanji da gashi, da rana ɗaya a wata da za a kwashe komai a wanke wurin a fesa magani, wannan ai bai kai kuɗin taron bita ɗaya a otel ba. A Hon Kon ranar hutun kasuwa suka sa, kuma an ga cutar ta ragu a kasuwannin.

Babbar buƙatata dai ita ce maganar diyya, kuma a yi ta yanzu da ba abin da ya faru. A zauna a yanke, kaza kaza ne, zabuwa kaza, agwagwa kaza, kusa da farashin kasuwa, a faɗa a gidajen rediyo da Hausa da Kanuri da Fulatanci, mai unguwa ya sani, liman ya sani. In kaza tana jika uku a kasuwa aka ce za a ba da ɗari biyar bayan wata shida, wallahi ni ma da nake wannan dogon rubutun sai na yi tunani sau biyu kafin in kira ku. A biya a wurin, ranar da aka kashe, a hannun mai kajin, kuma a lura mai kajin mace ce, kada a rubuta sunan maigida ya je ya karɓa ya sayi taya. Wanda ya fara kawo rahoto a ƙara mishi wani abu a kai, ya zama abin yabo ne ba tonon asirin gari ba. Kuɗin nan duk yawansu ba su kai asarar rufe kasuwannin jiha na wata ɗaya ba.

Sannan a ba mu lamba ɗaya da za a kira a ɗauka. Na taɓa tashi na tarar da kaji tara a ƙasa, na rasa wa zan gaya wa, na yi ta kiran wanda ya san wani, kafin a zo dubawa kwana uku sun wuce na riga na binne su, Allah ya sa ba ita ba ce, sauran sun tashi. Samfur kuma in sai ya je Yamai, kilomita wajen 900, to a san motar da za ta kai shi a cikin ƙanƙara da ranar da amsa za ta dawo. Muna da jami'a a garin nan, ɗalibai suna neman abin rubuta kundi, me zai hana su dinga zagaya kasuwannin Mirya da Matamai da Magarya suna ƙirga mutuwar kaji kowane mako.

Ga ƴan'uwa ma'aikatan lafiya, sannunku da ƙoƙari, na san sanƙarau da mashaƙo da maleriya sun ishe ku a jihar nan cikin ƴan shekarun nan. Tambaya ɗaya nake roƙo a ƙara. Duk wanda ya zo da zazzaɓi da tari da numfashi sama-sama, ko jan ido, musamman in gwajin maleriya bai nuna komai ba, a ce mishi kaji sun mutu a gidanku kwanan nan? ke kika fige? Tambayar kyauta ce. Akwai magani, oseltamibir, amma ya fi aiki in an fara shi cikin kwana biyun farko, don haka a ajiye ko kaɗan ne a babban asibitin Damagaram da asibitocin bakin iyaka. Kuma likitan mutane da na dabbobi su dinga waya da juna, in kaji sun faɗi a wani ƙauye ƙaramin asibitin wurin ya sani a ranar, ba sai an haɗu a taro ba.

Malamanmu ma akwai nasu. Maganar sa wuƙa kafin ta mutu don kada a yi asarar nama, wannan daga mumbari za a gyara ta, a faɗa cewa halal ɗin yanka daban, cutar da kai da iyali daban. Dahuwa sosai tana kashe ƙwayar, zafi digiri 70 ya isa, naman da ya nuna har ciki da ƙwan da ya dahu ba matsala, kada a je a tsorata mutane su daina sayen ƙwai a karya mu a banza kamar 2006 da kaza ta koma ba mai ko kallonta. Haɗarin yana wajen yanka da figa da gyaran ciki, da yaron da ya ɗauki matacciya yana wasa da ita, da wadda aka jefar a bola kare ya ja. Matacciya a sa leda a hannu a ɗauka, a haƙa rami mai zurfi a binne, a wanke hannu da sabulu.

Mun ga yadda korona ta zo mana a 2020, doka ta riga bayani isowa, aka rufe masallatai mutane ba su gane dalili ba, har yau akwai masu rantsuwa cewa ƙarya ce. In aka jira sai murar nan ta koyi tafiya tsakanin mutane sannan aka fito da motar lasifika, wanda ya ƙi yarda da waccan ba zai yarda da wannan ba. Amma mutumin da kajinsa suka mutu ya kira aka zo, aka biya shi a gaban maƙwabta, aka dawo aka gaya mishi sakamako, shi zai saurare ku ran da kuka ce kowa ya zauna gida.

Hunturu yana tafe, tsuntsayen za su sauka Gidimuni kamar kullum. Mu masu kiwo na kartiyenmu muna da ɗan zaman da muke yi duk Juma'a bayan la'asar, mun kai mutum goma sha biyar har da mata huɗu, in za a aiko mana wani ya zo ya faɗa mana farashin diyya da lambar kira, tabarma da shayi a kanmu.

Allah ya taimaki Gwamna, Allah ya ja zamanin Sultan. Na gode.

Naku, wani mai kiwon kaji a Garin Malam, Damagaram.